Karkiya a Wuyan Shanu

Gwaggona, yayar mahaifina, ba ta yi boko ba, amma tana jin Indiyanci. A fim ta koya. Tun zamanin kaset ɗin bidiyo, in ta idar da sallar la'asar sai ta baje tabarma a ɗakinta da ke ƙuryar gidanmu na Mandawari, matan gida su kewaye ta, ana kallo tana fassara musu. Da aka fara kawo finafinai masu fassarar Hausa ba ta so su ba. Cewa take masu fassarar suna zuba gishiri inda mai miya bai sa ba.

A hannunta na tashi. Mijinta ya rasu ba su haihu ba, ta dawo gida, mahaifina ya ɗauke ni ya ba ta. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun kimiyyar harshe, muka yi wani darasi a kan tarihin harsuna. Malamin dattijo ne mai sanyin murya, amma ba a yi masa kame-kame. Ya raba mana batutuwa, kowa zai tsaya gaban aji ya yi bayanin nasa. Ni ya ba ni kalmomin noma a wani tsohon harshe da ya mutu tun kafin masu shi su san rubutu, wanda Turanci da Latin da Girkanci da Farisanci da harsunan arewacin Indiya duk daga cikinsa suka fito. Ba wanda ya taɓa jin sa. Masana sun gano kamanninsa ne ta hanyar jera kalmomin jikokinsa, kamar yadda za ka dubi fuskokin 'yan gida ɗaya ka ce kakansu dogon hanci gare shi. Malamin ya gindaya mana sharaɗi guda: da Hausa za a yi bayanin. Ya ce wanda ya kasa faɗin abu da harshen da ya sha a nono, hadda ya yi, bai gane ba.

Ranar da na koma gida na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tsince wake a faranti. Na zauna kusa da ita, na sa hannu.

Na ce, "Gwaggo, me Indiyawa suke ce wa saniya?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Gai."

"Turawa kuma kau suke cewa. An ce asalinsu kalma ɗaya ce. Bature da Ba'indiye harshensu kaka ɗaya."

Ta yi tsaki. "Uwata, in karatun nan ya fara juya miki kai ki faɗa min. Bature da Ba'indiye? Ko launin fata ba su haɗa ba."

"To me suke ce wa suna?"

"Nam."

"Turawa su ce nem. Sabon abu fa?"

"Naya."

"Turawa su ce niu."

Nan ta ajiye farantin. Ta sa na maimaita mata, ta juya kalmomin a bakinta kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Daga ranar aikin ya zama namu mu biyu. In na dawo daga makaranta, kafin na cire hijabi za ta tambaye ni, "Yau wace kalma kika samo mana?"

Na samo mana da dama. Kalmar niƙa iri ɗaya ce a Latin da Rashanci da Turanci, ko'ina da harafin mim da lam take tafiya. Kalmar iri da shuka haka. Akwai sunan wani hatsi da tsohon harshen Indiya yake kira yawa, Indiyawan yau su ce jau, Farisawa ma kusan haka, suna nufin sha'ir. Amma a wani harshen Turai kalmar hatsi ce kawai, ko wane iri. Abin da ya fi ɗaure wa masanan kai shi ne kalmar huɗa da ta garma. Tana nan a Latin, tana nan a Girkanci da sauran harsunan yamma, amma in ka nufi gabas, wajen Farisa da Indiya, sai ta yi ɓatan dabo. Kalmomin shanu da tumaki da ulu kuwa ko'ina suna nan. Shi ya sa ake gardama: mutanen farkon nan manoma ne, ko makiyaya ne da suke ɗan taɓa noma?

Gwaggo ma ta kawo nata. Wata rana ta tare ni da murna ta ce ta gano mana dangi a Indiya. "Dawa suke ce wa magani. Ka ji jarumi yana kuka uwarsa ba lafiya, yana neman kuɗin dawa. Mu kuma dawa muke ci. Ke ba ki ga mai cin tuwon dawa ba ya ciwo ba?"

Na ce mata wannan kam ba ta ci ba. Tasu dawar daga Larabci suka aro ta, tamu kuwa tamu ce, kama ce kawai ta haɗa su. Na ce kalmomi ma kamar mutanen unguwa suke: akwai ɗan gida, akwai baƙon da ya daɗe har aka manta baƙo ne, irin su alkama da albasa da muka karɓa daga Larabawa, akwai kuma wanda kuka yi kama da shi a kasuwa ba ku haɗa komai ba. Ba ta ji daɗi ba, don ta so a ce ita ma ta gano wani abu, amma ta karɓa. Ta ce, "To na ji. Amma maganar lafiyar mai cin dawa tana nan."

Kalmar da ta tsayar da ni ita ce wadda ta fi kowace ƙarfin hujja. Itacen nan da ake ɗora wa shanu biyu a wuya su ja kaya ko garma, Latin ta ce yugum, tsohon harshen Indiya ya ce yugam, Girkanci zugon, Turanci yok. Ko makaho ya shafa ya san 'yan ɗaki ɗaya ne. Sai dai ban san sunansa da Hausa ba. Na duba ƙamus na ga an rubuta karkiya. Na tambayi Gwaggo, ba ta taɓa ji ba. Na tambayi mahaifina, wanda tun tasowarsa yadi yake sayarwa a kasuwa, ya ce shi saniya sai dai a tukunya. Mu mutanen cikin ganuwa ne. Hatsi a buhu muke ganin sa, gero da maiwa ba kowa a gidanmu zai bambance su a tsaye ba.

Na ce wa Gwaggo ba zan tsaya gaban aji da kalmar da ban taɓa ji a bakin mai rai ba, ban kuma taɓa ganin abin da take nufi ba. Na san malamin nan, tambayar farko da zai yi min ke nan.

Ta ce, "Yayan marigayi yana da shanun huɗa."

Na san abin da maganar nan ta ci mata. Mijinta mutumin wani ƙauye ne a arewa da birni. Lokacin da ciwonsa ya tsananta, yayansa ya so a mayar da shi gida a yi masa na gargajiya, ita kuwa ta tsaya a kan ya zauna a asibiti. A asibitin Allah ya karɓi abinsa. Ranar zaman makoki yayan ya ce, a gaban mutane, da an kawo shi gida da wataƙila ba haka ba. Tun daga ranar Gwaggo ba ta ƙara taka ƙauyen ba. In sun aiko da gaisuwa ta amsa, shi ke nan. Ina 'yar firamare aka yi wannan, ga shi har na kusa gama jami'a.

Na ce, "Gwaggo, ba sai kin je ba. Ki kwatanta min gidan."

Ta ce, "'Ya mace ta tafi garin da ba ta sani ba ita kaɗai, ina raye? Ki shirya ranar Asabar."

Farkon damina ne, an yi ruwa mai kyau a makon. Da hantsi muka hau adaidaita sahu muka fita ta Ƙofar Ruwa zuwa tasha, muka shiga motar ƙauye. Gwaggo ta yi ado kamar mai zuwa biki, ta ɗaure goro da sabulu da turmin atamfa a jaka. Duk surutunta, a motar nan carbi kawai take ja. Ni kuwa idona na waje. Gidajen bulo suka yi ta raguwa, ƙasa ta buɗe, ja, jiƙaƙƙiya, ko'ina mutane a duƙe.

Matar yayan ce ta fara ganin mu. Tana shanya a tsakar gida, ta ɗago ta ga Gwaggo a bakin zaure, ta saki abin da ke hannunta ta yi salati. Suka rungume juna, kuka ya ƙwace musu su biyun. Aka kawo ruwa, aka dama fura. Ta ce maigidan yana gona, bari a kira shi. Gwaggo ta ce a'a, gonar muka zo gani, mu za mu same shi.

Daga nesa muka hango shi, dogon tsoho da malafa, yana bin bayan bijimai biyu farare. Hannayensa na kan garmar ƙarfe, ƙasa na tsagewa tana kwantawa gefe, kunya na tashi miƙe kamar an ja zare. Ya kai ƙarshen layi ya juyo da shanun, sai ya gan mu. Ya tsaya. Ya cire malafar ya riƙe a hannu, ya tako a hankali.

Gwaggo ta rusuna ta ce, "Yaya, barka da aiki. Ya damina?"

Ya ce, "Hajiya, ke ce? Lale, lale. Damina alhamdu lillahi." Suka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mahaifina, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sai Gwaggo ta turo ni gaba.

"'Yata ce na kawo maka. A jami'a take. Tambaya gare ta a kan shanunka."

Na gaishe shi, na nuna itacen da ke wuyan bijiman. "Baba, mene ne sunan wannan?"

Ya dube ni, ya dubi Gwaggo, ya yi dariya. "Wannan ce ta taso ku tun daga birni? Karkiya mana."

Ya ja ni kusa ya ce in taɓa, ba sa tunkuri. Itace ne mai kauri, inda yake gogar wuyan shanun ya yi sumul yana sheƙi. An huda shi an zura sanduna da suka sauko gefen wuyan kowane sa, an ɗaure da igiya ta ƙasa, daga tsakiya kuma sarƙa ta tafi zuwa garmar. Ya ce ba kowane sa ake haɗawa da kowane ba, sai tsayinsu da ƙarfinsu sun zo ɗaya, in ba haka ba ɗaya zai cuci ɗaya, kunya ta karkace. Na gaya masa a harsunan da nake karantawa sunan itacen nan daga kalmar haɗawa ya fito. Ya gyaɗa kai ya ce, "Sun san shanu ke nan."

Muka koma inuwar wata ɗorawa muka zauna. Na ba shi labarin mutanen nan na da can da gardamar da ake yi a kansu. Ya saurara sosai, yana fifita da malafa. Da na zo kan kalmar garma na tambaye shi ko tun kaka da kakanni haka ake huɗa a nan.

Ya ce, "Ina! Kakana bai taɓa huɗa da sa ba. Garmarsa ta hannu ce, mai faɗin baki, mutum ya duƙa ya yi ta ɗaga ƙasa har bayansa ya ƙage. Wannan ta ƙarfen daga baya aka kawo ta. Da ta zo ba a tsaya neman mata suna ba, aka ce garmar shanu. Yanzu in ka ce garma, yaran nan ita suke ganewa."

Ya faɗe ta ne kamar yadda ake ba da labarin farashin taki, amma ni ta buɗe min ƙofa. Ashe suna yana iya girme wa abin da ake kira da shi. Wanda zai zo bayan zamani mai tsawo ya tarar da kalmar garma tsohuwa ce a Hausa, zai iya rantsewa cewa tun fil azal da shanu Bahaushe yake huɗa, kuma ya yi kuskure. Haka nan tsufan wata kalmar hatsi a harsunan can ba ya nuna masu ita suna da rumbuna.

Na tambaye shi girman gonar. Ya ce malaman gona sun taɓa zuwa suka auna suka faɗa masa eka kaza ce, amma shi har yau da dami yake lissafi, gonar da ke ba da dami kaza. Jin eka sai na kasa zama. Wannan kalma tana cikin waɗanda nake karantawa. Daga Turanci muka are ta, Turanci ya gaje ta daga tsohon harshen nan, kalmar da Latin ke cewa ager, wato gona, tsohon harshen Indiya kuma ajra, wato fili, irin wanda ake kora dabbobi kiwo. Na faɗa masa cewa kalmar da ya furta yanzu ta fi ganuwar Kano tsufa nesa ba kusa ba, kuma ana jin tun tana nufin wurin kiwo kafin ta koma gona.

Ya ce, "Ai nan ma haka ne. Inda muke zaune ɗin nan, ina yaro burtali ne, Fulani ke wucewa da shanu."

Na tashi na ce zan je in ƙara duba garmar, don na lura akwai maganar da ba za ta fito ba ina wurin. Ban yi nisa sosai ba, iska kuma tana kaɗowa ta wajena. Na ji ya ce, "Hajiya, na faɗi wata magana ranar da muka rasa ɗan'uwana. Zafin rashi ne ya faɗe ta. Kwanansa ne ya ƙare, ko a ɗakin uwarmu yake sai ya tafi. Ki yafe min."

Gwaggo ta ce, "Na yafe, Yaya. Ni ma na riƙe ta fiye da kima. Allah ya jiƙansa."

Ya ce amin. Ya tashi ya koma wajen shanunsa, ya ce in zo in riƙe garmar in ji. Na tattare hijabi na kama. Ya yi wa bijiman magana suka taka, ƙarfen ya fizge ni, na yi 'yar tafiya ina tangaɗi, kunyar da na tayar ta fito kamar sawun maciji. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a bar ta haka, ba zai gyara ba, a nan zai shuka gyaɗa.

Ranar bayani na tsaya gaban aji ba tare da fargaba ba. Na jera kalmomin a allo, na nuna inda suka haɗu da inda suka rabu. Da na ambaci karkiya, malamin ya ɗaga hannu.

"Kin taɓa ganin ta?"

"Na gani, Malam. Na taɓa ta, na kuma riƙe garmar da take ja."

"To, rashin kalmar huɗa a gabas, me ya nuna?"

Na ce abu biyu ne, kuma ba wanda zai rantse a kan ɗaya. Ko dai mutanen gabas sun tashi tun noma bai yi ƙarfi a cikinsu ba, ko kuma sun tafi da kalmar suka yar da ita a hanya da kiwo ya fi musu. Na ce ni na fi karkata ga cewa mutanen farkon makiyaya ne da suka san hatsi kaɗan, domin kalmomin dabbobi sun zauna daram ko'ina, na noma kuwa ma'anarsu tana zamewa daga wannan harshe zuwa wancan. Na kawo misalin garmar hannu da garmar shanu. Wani ɗan ajinmu ya ce ai Hausa ba danginsu ba ce, me ya kawo ta ciki? Na ce ban ce danginsu ce ba. Yadda mutane suke ɗora tsohon suna a kan sabon kaya na nuna, wannan kuwa ba ya tambayar dangi. Malamin bai yabe ni ba, don ba ya yabo. Ya dai ce wa ajin, "Ku rubuta misalin nan," ya kira na gaba.

Daga shekarar Gwaggo ta koma zuwa ƙauyen. Da kaka ta tafi ta yi kwanaki, ta dawo da gero da gyaɗa da kuka. Su ma suka riƙa sauka a wurinmu. Bayan na fara koyarwa, idon Baba, yayan mijin Gwaggo, ya yi yana, aka kawo shi birni a yi masa aiki, ya yi jinya a gidanmu. Zaman ɗaki ya ishe shi, don haka kullum da yamma ake shimfiɗa masa tabarma a zaure, ido ɗaya a rufe da auduga. Wata rana na dawo daga aiki na durƙusa na gaishe shi, ya ce in zauna.

"Malama, mutanen nan naki na da can, masu shanu. Kin ce sun ɗan taɓa noma. Me suke shukawa?"

Na ce, "Ana jin sha'ir ne, Baba, wataƙila da alkama."

"Ba gero?"

"Irin namu dai babu. Gero da dawa a ƙasashenmu na nan aka fara noma su."

Ya jinjina kai, tausayinsu ya kama shi da gaske. "Ga shanu, ga nono, ba fura. Allah sarki." Ya gyara zama ya jingina da bango. "Shiga ki ce wa Hajiya a dama min, kada a sa sukari."